3.2 Abin da Ɗalibi Ke Koyo a Lokacin Sanin Makamar Aikin Diflomasiyya

A sashen da ya gabata an yi bayanin ma'anar diflomasiyya. A wannan sashe kuwa, za a duba abin da ɗalibi ke ƙaruwa da shi idan aka tura shi sanin makamar aiki a wuraren da ake gudanar da hulɗa da ƙasashen waje, kamar Ma'aikatar Harkokin Waje da ke Abuja, ko Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasa da Ƙasa ta Nijeriya da aka kafa a Legas a 1961, ko kuma ofisoshin ƙungiyar ECOWAS wadda aka kafa a 1975.

3.2.1 Kiyaye Ƙa'ida

Abu na farko da ɗalibi zai fahimta shi ne, a wannan aiki babu ƙaramar ƙa'ida. A aji ya karanta Yarjejeniyar Biyana ta 1961, wadda ta tsara ayyukan jakada da kariyar da yake da ita. A ofis ne zai ga amfaninta ido da ido. Alal misali, sashe na 27 na yarjejeniyar ya hana buɗe jakar diflomasiyya ko tsare ta, amma da sharaɗin ta ɗauki alamar da ke nuna ko mece ce ita. A watan Yulin 1984, jami'an kwastan na Ingila sun buɗe wani akwati a filin jirgin sama na Stansted, suka tarar da tsohon ministan sufuri na Nijeriya, Alhaji Umaru Dikko, a sume a ciki. Abin da ya ba su damar buɗewa shi ne akwatin bai ɗauki wannan alama ba. Wannan lamari ya jawo korar jami'an jakadanci da tsamin dangantaka tsakanin ƙasashen biyu. Ke nan, ɗalibin da aka ba aikin duba hatimi ko shigar da wasiƙa cikin rajista bai kamata ya raina aikin ba.

3.2.2 Dabarar Ba da Shawara

Abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga wannan bincike, shi ne koyon ba da shawara. Ɗalibi ba ya zama a teburin sulhu. Aikinsa shi ne sauraro, da rubuta bayanan taro, da tsara taƙaitaccen rahoto ga na gaba da shi. A nan ne zai koyi raba abubuwa uku: abin da ya faru, da abin da kowane ɓangare ke so, da kuma hanyoyin da ke buɗe tare da ribar kowacce da asararta.

Rikicin Bakasi ya isa misali. Bayan Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a 2002, mai ba gwamnati shawara ba zai tsaya a kan cewa hukuncin ya yi daɗi ko bai yi ba. Dole ya auna martabar ƙasa, da makomar masuntan da ke zaune a wurin, da kuma haɗarin yaƙi da maƙwabciya. Hanyar da aka bi ita ce Yarjejeniyar Greentree ta 2006, aka kuma kammala miƙa yankin a 2008.

Daga ƙarshe, ɗalibi yana koyon riƙe sirri, domin takardar da ta fita kafin lokacinta na iya rushe sulhun da aka daɗe ana ginawa. Saboda haka, wannan bincike na ganin cewa ma'aunin nasarar horon ba yawan manyan baƙin da ɗalibi ya gani ba ne, a'a, iya rubuta shafi guda wanda shugaba zai dogara da shi ya yanke shawara. A sashe na gaba za a duba matsalolin da ke hana ɗalibai samun wannan horo.