Makarantar da Ba Ta da Zaure: Karatun Kyauta ta Waya a Unguwar Dosa

 Wannan bayani ne zuwa ga malamai da almajirai da fatake da masu shaguna game da wani baƙo da ya shigo gari ba sallama, har ya samu masauki a aljihun kowa, watau karatun da ake samu kyauta ta hanyar intanet.

Wanda ya tsaya a Unguwar Dosa, arewa da kogin Kaduna, ya dubi kewayensa, zai ga unguwa ce da ilimi ya yi wa zobe. Kwalejin Tunawa da Sardauna tana cikinta. A maƙwabta, Unguwar Sarki, ga Masallacin Sultan Bello inda aka daɗe ana tafsiri. A kan titin Rabah ga Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello, wanda tun 1970 ya zama ma'ajiyar tarihi. In an wuce Kawo an miƙi hanyar Zariya, ga Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, ga kuma reshen Buɗaɗɗiyar Jami'a, wadda ake kira NOUN. Amma kusanci da rijiya ba ya kashe ƙishirwa sai da guga. Mai shago ba shi da halin rufe shagonsa ya tafi aji, alaramma ba ya barin almajiransa, uwargida tana da hidimar gida. Ɗaliban jami'a kuwa sun ɗanɗana zaman jira: a 2020 annobar korona da yajin aikin malamai suka rufe azuzuwa, a 2022 kuma wani yajin ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya san inda zai ɗebi karatu da kansa a irin waɗannan watanni ya tsira da wani abu, wanda bai sani ba kuwa shekara ta wuce shi.

Abin ba baƙo ba ne

Kada a ɗauka karatu daga nesa bidi'ar wannan zamani ce. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shirya ƙungiyar 'Yan Taru, tana karantar da jajoji, su kuma su ɗauki waƙoƙin karantarwa su kai wa mata a ƙauyuka, waɗanda ba su da ikon zuwa gare ta. A zamanin Turawa, ma'aikata da yawa sun yi karatu ta gidan waya, suna aika amsoshinsu Ingila, zuwa makarantu irin su Wolsey Hall, su jira makonni kafin gyara ya komo. A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin jagororinsa, aka kafa hukumar NORLA a Zariya cikin 1954, tana buga littattafai da ƙananan jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zariya, domin manyan da suka koyi karatu su samu abin karantawa.

Sa'an nan rediyo ya zo. Daga gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, mutanen da ba su taɓa taka Kaduna ba sun ji tafsirin Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, da na Shehu Ɗahiru Usman Bauchi. Cibiyar Horar da Malamai kuwa tun 1976 aikinta ke nan, koyar da malaman makaranta suna wuraren aikinsu. Buɗaɗɗiyar Jami'a an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, kana aka farfaɗo da ita zamanin Shugaba Obasanjo. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma intanet ya hau kanta, sai jaji da gidan waya da rediyo duk suka taru a abu guda wanda bai fi tafin hannu ba.

Rabon malamai

Abu na farko da malami zai amfana da shi shi ne Maktabatus Shamila, taskar littattafan Larabci dubbai, na tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu da tarihi, wadda ake sauke wa waya ko kwamfuta ba da ko kwabo ba. Fa'idarta babba ita ce bincike: a rubuta kalma guda, nan take ta nuna kowane littafi da kowane shafi da kalmar ta zo. Mas'alar da a dā sai an kwana uku ana buɗe mujalladai, yanzu kafin shayi ya huce an gano wurinta. Akwai kuma Maktabatul Waƙfiyya da Internet Archive, inda ake samun hoton littafin da aka buga, shafi bayan shafi, daga Ahalari da Iziyya da Risala har Muhtasar da sharhohinsa. Fassarar Alƙur'ani ta Hausa ta Shehu Gumi tana nan a shafin Tanzil da wasunsa.

Masu karanta ajami ma ba a bar su a baya ba. Jami'ar Boston ta Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Fallou Ngom, mutumin Senegal, ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka ta shimfiɗa su ga kowa. Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da wani shiri na ceton tsofaffin takardu, a cikinsa akwai na Arewacin Nijeriya. Har an ƙera wa kwamfuta haruffa masu kama da rubutun hannun Kano, ana kiransu Alkalami, su ma kyauta ne.

Rabon ɗalibai da fatake

Ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha, wanda kuɗin littafi ya gagare shi, yana da ƙofofi da dama. NOUN ta sa littattafan darussanta a shafinta, kowa yana iya saukewa ko da ba ɗalibinta ba ne, kuma a cikinsu akwai na Larabci da na nazarin addinin Musulunci, da na lissafin kuɗi da na sha'anin kasuwanci. Jami'ar MIT ta Amurka ta yi shelar buɗe darussanta a 2001, ta fara a 2002 da sunan OpenCourseWare, har da tambayoyin jarrabawa, wasu da amsoshinsu. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta buɗe OpenLearn a 2006. Jami'ar Rice tana ba da cikakkun littattafan kimiyya da lissafi da sunan OpenStax tun 2012. Khan Academy kuwa asalinta wani mutum ne, Salman Khan, ya fara koya wa 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004, abin ya bunƙasa har ya zama makaranta mai ɗaukar mutum daga ɗaya da ɗaya biyu zuwa lissafin jami'a. A gida Nijeriya, Gwamnatin Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a 2022, akwai darussa da Hausa a ciki.

Ɗan kasuwa na iya cewa ina ruwan biri da gada. To, ga misali. Mutum ya sari buhu a naira 48,000, ya biya mota da dako 2,000, ya sayar 55,000. In bai rubuta ba, sai ya ƙirga ribarsa 7,000, alhali kuwa 5,000 ce, watau 10 cikin 100 na abin da ya kashe. Haka ake cin uwar kuɗi ana zaton riba ake ci. Darasin rubuta shiga da fita, da na kaso cikin ɗari, da na bin bashi a rubuce, duk suna nan kyauta, kuma mai shago a Kawo ko a Kasuwar Shehu Gumi zai iya bin su tsakanin azahar da la'asar sa'ad da ciniki ya lafa. Wannan lissafi shi ne dai wanda ake bukata ranar fitar da zakka, in dukiya ta kai nisabi, misƙali 20 na zinariya, shekara kuma ta kewayo, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Wanda bai san abin da ya mallaka ba, yaya zai san haƙƙin Allah a cikinsa?

Inda gizo ke saƙa

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Na farko, kyautar ba ta cika kyauta ba, domin darasi ba a biya, amma data ana saye, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Bidiyo shi ne mai lashe data, rubutu da murya kuwa kaɗan suke ci. Ga kuma sha'anin wutar lantarki, wanda kowa ya san halinsa.

Na biyu, mafi yawan darussan zamani da Turanci suke. Wanda Larabci da ajami kaɗai ya iya, taskar littattafan addini a buɗe take gare shi, amma ɗaya ɓangaren sai ya fara da koyon boko da Turanci, ko ya samu ɗa ko ƙane ya zauna kusa da shi.

Na uku, shi ne mafi girma, littafi ba malami ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusuhi musamman domin ya ambaci shehunan da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowannensu, domin a wurin magabata ilimi da sanadinsa yake tafiya. Waya ba ta ba da ijaza, ba ta jin lahani a bakin mai karatu ta tsayar da shi, ba ta kuma koyar da ladabi. Littattafan Shamila mutane ne suka buga su da hannu, akan samu harafi ya faɗi ko ɗigo ya kauce, sau da yawa kuma babu wasali, saboda haka duk abin da za a kafa hujja da shi lalle a gwada shi da bugun takarda ko hotonsa. Har wa yau, yawancin manhajojin Alƙur'ani da ruwayar Hafsu suke buɗewa, alhali makarantun allo na ƙasar Hausa Warshu suka gada. Gardin da bai lura ya zaɓi Warshu ba sai ya rikita haddarsa, ya ga kamar allonsa ne ya yi kuskure.

Na huɗu, maganar takardar shaida. MIT ba ta ba mai bin OpenCourseWare shaida. Coursera da edX, waɗanda aka kafa a 2012, galibi sai an biya kafin su ba da ita. Karanta littattafan NOUN kyauta ne, amma digirinta sai an nemi shiga da takardar sakandare, an biya kuɗin rajista, an zauna jarrabawa. Malamin da ya ƙoshi da Larabci yana neman takardar da hukuma ta sani, hanyarsa ita ce jarrabawar hukumar NBAIS, mai kula da karatun Larabci da na addinin Musulunci. Duk wanda ya ce zai ba da digiri cikin 'yan makonni ɗan damfara ne. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Haka nan makarantar gaskiya ba ta tambayar lambar sirrin katin banki, wanda ya tambaya kuwa ɓarawo ne ko da ya zo da rawani.

Yadda za a ci moriya

Dabarar ba sabuwa ba ce, ita ce dai ta zaure. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya abin da ke kansa, saboda haka a ɗauki fanni guda da darasi guda, a kai shi ƙarshe kafin a taɓa wani. Mutane da yawa sun cika wayoyinsu da littattafai ɗari biyar ba su sauke ko ɗaya ba, tara littafi kuwa ba shi ne karatu ba. A yanke lokaci sananne, ko rabin sa'a ne bayan asuba ko bayan lisha, a riƙe shi kamar wuridi. A ajiye takarda da alƙalami a rubuta abin da aka fahimta, da ajami ko da boko, domin abin da hannu ya rubuta ya fi zama a zuciya. A kashe sauran saƙonni lokacin darasi, gama wayar da ke ɗauke da Muwaɗɗa ita ce kuma ke ɗauke da gulma da wasan banza.

Sa'an nan a haɗa kai. Mutum biyar ko shida na layi guda, ko na majalisa guda, su yi karo-karon kuɗin data, ɗaya ya sauke darasi ya tura wa saura waya zuwa waya ba tare da an sake biya ba, su zauna mako-mako su yi muraja'a, abin da ya shige musu duhu su kai wa malami. Masallatai da makarantun Islamiyya na unguwa masu hasken sola za su yi babban alheri in suka ware wani lokaci da wani ɗaki saboda wannan. Kada kuma a manta da mata, domin uwargida da ke cikin gida ita ce ta fi kowa bukatar makarantar da ke zuwa har ɗaki, kuma abin da ta koya 'ya'ya ne za su fara sha.

Malamai su ne ya kamata su shige gaba, su san abin da ke cikin waɗannan taskoki, su rarrabe wa jama'a tsaba da tsakuwa. In sun ja baya suna ƙyama, samari ba za su fasa shiga ba, sai dai su shiga ba jagora, su ɗauki fatawa daga wanda ba a san malaminsa ba. Mutanen dā sun yi tafiyar watanni a ƙafa da kan raƙumi zuwa Agadas da Barno da Timbuktu saboda littafi guda. Na yanzu littattafan sun biyo su har Unguwar Dosa, abin da ya rage kawai himma da haƙuri da durƙusawa gaban masani.

Allah ya ba da ilimi mai amfani, ya sa albarka a kasuwa, ya jiƙan magabata. Amin.