Kirsimeti a Jimeta: Hazon hunturu, doguwar hanya da zumuntar da ke ƙafa

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya, hira a ofisoshin Sakatariyar Tarayya da ke Abuja takan koma kan kuɗin mota da na jirgi. Takardun neman hutun shekara sukan taru a teburin daraktoci. Ga ma'aikata 'yan asalin Jihar Adamawa, tambayar da ke cin rai ita ce: bana za a je gida, ko kuwa saƙo za a aika?

Hutun da gwamnati ke bayarwa bai taka kara ya karya ba: ranakun 25 da 26 ga Disamba, sai 1 ga Janairu. Don haka ne wasu ke tattalin kwanakin hutunsu tun farkon shekara, domin su samu mako biyu cur a Yola ko Jimeta, ko su zarce Numan, Hong, Michika ko Ganye.

Ƙanƙara a kati, ƙura a tsakar gida

Katunan Kirsimeti da finafinan Turawa sun saba nuna iyali a gaban murhu, dusar ƙanƙara na zuba a waje. Waɗanda suka kawo addinin Kirista wannan yanki ma daga ƙasashen ƙanƙara suka fito. Dakta Niels Bronnum, ɗan ƙasar Denmak, ya sauka Numan a 1913, aikinsa kuma shi ne tushen cocin LCCN. Bayan shekara goma, a watan Maris na 1923, Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN, ta samo asali. Sai dai bikin da ya yi saiwa a bakin Kogin Binuwai bai gaji ƙanƙara ba, hunturu ya gada.

Hunturu busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Yola na cikin garuruwan da suka fi zafi a Najeriya, inda ma'auni kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu. Amma a daren Disamba yakan sauko ƙasa da 20, abin da ga mutumin Jimeta ɗari ne sosai. Da asuba hazo kan lulluɓe gadar Jimeta, rana ta fito fari fat kamar faifai, masunta su yi jinkirin shiga ruwa. Leɓe ya tsage, diddige ta yi faso, kasuwar man kaɗe da rigunan sanyi na gwanjo ta buɗe.

Lokaci ne kuma na taka-tsantsan. Ƙurar kan tayar da asma, sanyin kan wahalar da masu cutar sikila, jin ɗumi da garwashi a rufaffen ɗaki kuwa ya sha jawo gobara da shaƙewar numfashi. Yaran da suka tashi a Kubwa ko Lugbe su ne suka fi saurin kamuwa da mura a kwanakin farko.

Hanya mai cin kwana da aljihu

Tsakanin Abuja da Yola tafiya ce ta kusan kilomita 800. Mai mota kan bi ta Keffi da Akwanga ya hau Jos, ya gangara Bauchi da Gombe, ya tsallake gadar Numan kafin ya shiga Jimeta. Wanda ya yi sammako daga Nyanya ko Mararaba, da wuya ya sauka tashar Jambutu kafin duhu. Jirgin sama na cinye wannan nisa cikin kimanin sa'a guda, amma a nan ma hunturu ke da ta cewa: idan hazo ya yi kauri har matuƙi ba ya iya hango titin sauka, sai a jinkirta tashi ko a soke shi, a bar fasinja da kayan tsaraba a filin jirgi.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin wannan tafiya ya zama abin lissafi na musamman. A Disamban shekarar Gwamnatin Tarayya ta sanar da rangwamen rabin kuɗin manyan motoci a wasu hanyoyi da shiga jirgin ƙasa kyauta, sai dai layin dogo bai kai Adamawa ba. Ga ƙaramin ma'aikaci da albashinsa bai yi wa mafi ƙarancin Naira 70,000 nisa ba, kai mata da 'ya'ya gida da dawo da su na iya lashe albashin wata, tun ba a zo kan buhun shinkafa, akuya da ɗinkin yara ba.

Gida biyu, tukunya ɗaya

Me ya sa duk da haka ake tafiya? Amsar tana cikin yadda Adamawa ta ginu. Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ita ce mazaunin Lamiɗo, Jimeta kuwa gari ne na kasuwa da ma'aikata da ya tara Fulani, Hausawa, Bachama, Kilba, Margi, Higgi, Chamba da Lunguda. A cikin yawancin ƙabilun nan, ba abin mamaki ba ne a samu fasto da alhaji kakansu ɗaya.

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga coci, inda 'yan Zumuntar Mata ke rera waƙoƙi da Hausa cikin anko, yara kan bazu da kwanukan shinkafa da nama da cincin zuwa gidajen dangi da maƙwabta Musulmi. Gidaje da dama kan kira Musulmi ya yanka musu dabbar biki, don kowa ya ci hankali kwance. Da Sallah kwanukan nan kan dawo da tuwo da naman layya. A makon ne kuma ake ɗaura aure, a sasanta rikicin gona, a zauna taron ƙungiyar ci gaban gari, tunda an gama girbi, na nesa kuma sun zo.

Wannan zumunta ta ga jarrabawa. Da Boko Haram ta kama Mubi a Oktoban 2014, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, mafi yawansu kuma a gidajen dangi suka sauka, ba a sansani ba. Babban cocin Katolika na St. Theresa da ke Jimeta ya karɓi dubbai, daga baya kuma Bishop Stephen Dami Mamza ya jagoranci gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, har da coci da masallaci, aka buɗe a 2021. Garkida, garin tsamiyar nan, an kai mata hari a Fabrairun 2020, aka sake kai wani a jajiberin Kirsimetin shekarar. Iyalan da suka yi bikin 2014 a kan tabarmar aro sun san cewa ɗakin da ya karɓe su, ziyarar shekara da shekaru ce ta buɗe ƙofarsa.

Abin da waya ba ta aikawa

Yau ana iya tura kuɗi ta waya cikin daƙiƙa, a gaisa da kaka ta bidiyo. Amma yaron da aka haifa a Abuja ba zai koyi gaisuwar Bachama ko Margi ta WhatsApp ba, ba kuma zai san cewa Goggo mai hijabi da ke miƙo masa kunun gyaɗa da safe ƙanwar kakansa ce ba, sai an kai shi. Idan tsadar hanya ta sa zuwa gida ya koma sau ɗaya a shekara uku, tsara guda za ta tashi ta san danginta a hoto kawai.

Ga wanda ya ƙudura tafiya bana, shawarar ba ta da yawa: a nemi hutu da wuri, a yi sammako, a guji tafiyar dare, a kunna fitilar mota cikin hazo, a tanadar wa yara rigar sanyi da takunkumi. Wanda aiki ya riƙe, kamar jami'an tsaro, ma'aikatan asibiti da hadiman manya, ya sa ranar zuwa ko da bayan biki ne. Hausawa dai sun ce zumunta a ƙafa take.