Ciwon kan da ke ɗauke ganin tsofaffi, da magungunan da ke rage wa majinyaci sitiroyid



Idan akwai dattijo ko dattijuwa a gidanku da ya haura shekara 50, ya fara wani sabon ciwon kai a gefen goshi, tsakanin ido da kunne, fatar kansa na zafi ko hula ya sa, muƙamuƙinsa na gajiya in yana tauna, don Allah kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Zai iya zama kumburin jijiyar jini wanda likitoci ke taƙaita sunansa da GCA. Garkuwar jiki ce take afka wa jijiyar, hanyar jini ta tsuke, ido ya rasa jini. Ganin da ya tafi ta haka da wuya ya dawo. Cutar ta fi yawa a Turawan arewacin Turai, kuma ta fi kama mata, amma mu ma ba ta bar mu ba.

Maganin farko shi ne prednisolone, wato sitiroyid, miligiram 40 zuwa 60 kullum, a fara nan take. Ni mai maganin gargajiya ne, amma ina gaya muku, ba zuma ba habbatus sauda da za ta tsaya a madadinsa a nan.

To matsalar ita ce ana shan sa shekara ɗaya zuwa biyu, ana ragewa a hankali. Kafin a gama, sai ka ga suga ya tashi, hawan jini, yanar ido, ƙashi ya yi rauni har faɗuwa kaɗan ta kawo karaya. Shi ya sa likitoci ke haɗa shi da wani magani don a samu a rage shi da wuri.

Wanda ya fi ƙarfin hujja shi ne tocilizumab, allura ce a ƙarƙashin fata, mako-mako. Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2017. A gwajin da aka yi, kashi 56 cikin ɗari na masu allurar sun cika shekara cutar tana kwance, alhali kashi 14 ne kawai cikin waɗanda aka rage wa sitiroyid a wata shida ba tare da ita ba. Sai dai akwai tsada, kuma tana ɓoye zazzaɓi, mutum na ɗauke da wata cutar ba a gane ba. Akwai kuma ƙwayar upadacitinib da aka amince da ita a 2025.

Methotrexate ya fi araha da sauƙin samu, ko da yake taimakonsa matsakaici ne. A nan ku buɗe kunne: SAU ƊAYA A MAKO ake shan sa, ba kullum ba. Shan sa kullum yana kisa. Ku ware masa rana guda, ɗa ko jika ya riƙe kwalin. Yana taɓa hanta, saboda haka a ajiye duk wani tsimi da sassaƙe, har da nawa, sai an nuna wa likita.

Duk waɗannan suna kwantar da garkuwar jiki ne. Kafin a fara, ku tabbata an yi gwajin tarin tibi da ciwon hanta nau'in B, don dukansu suna da yawa a cikinmu, kuma suna iya farkawa.

Kuma ko an fara sabon maganin, kada a yanke prednisolone rana ɗaya don fuska ta kumbura. Likita ne zai sauko da shi mataki-mataki. In gani ya dusashe ko na minti biyu ne, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.