Mai Kula da Lokaci a Masallacin Dimashƙu

Yau za mu taɓa maganar da ake yawan tafkawa a zaure da makaranta: shin tsakanin kimiyya da addini jituwa ce ko gaba? Wanda ya yi boko ya san labarin Galileyo, wanda kotun cocin Katolika ta gurfanar a birnin Rum a 1633 saboda ya nace cewa duniya ce ke zagaya rana. Wannan ya faru, babu musu. Amma yau wani wuri zan kai ku. Ku biyo ni birnin Dimashƙu na ƙasar Sham, kimanin shekaru 650 da suka wuce, mu hau hasumiyar masallaci.

A wancan zamani manyan masallatan Masar da Sham suna da wani ma'aikaci ban da liman da ladan. Ana kiransa muwaƙƙit, mai kula da lokaci. Masanin falaki ne, masallaci ke biyansa, aikinsa ya faɗa wa ladan cewa lokaci ya shiga.

Kada ku ɗauka ƙaramin aiki ne. Ɗauki la'asar kawai. Malaman fiƙihu sun ce tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ware 'yar inuwar da ta rage masa da tsakar rana. To ita wannan 'yar inuwar ba ta tsayawa wuri guda. Ta yau daban, ta wata mai zuwa daban, ta Dimashƙu daban, ta Kano daban. Kun ga hukuncin fiƙihu ya zama tambayar lissafi ke nan.

Wanda ya riƙe wannan muƙami a babban Masallacin Banu Umayya shi ne Ali ɗan Ibrahim, wanda aka fi sani da Ibnus Shaɗir. An haife shi wajen 1304, ya rasu a 1375. Maraya ne, ya tashi yana koyon sana'ar ƙawata katako da hauren giwa, daga baya ya tafi Alƙahira da Iskandariyya neman ilmi. Ku riƙe wannan: hannun mai sana'a, kan mai lissafi. Shi ne kuma shugaban ladanan masallacin.

Wajen 1371 ya ɗauki falalen marmara, tsawonsa kamar mita 2, faɗinsa mita 1, ya shimfiɗa shi a hasumiyar arewa. Ya zana masa layuka, wasu miƙaƙƙu, wasu masu lanƙwasa. Ya kafa tsinken ƙarfe, amma bai tsayar da shi cak ba, ya karkata shi yana fuskantar tauraron arewa, daidai da sandar da sama ke juyawa a kanta. Saboda wannan karkatar, awa ɗaya ta hunturu ta zama daidai da awa ɗaya ta bazara. Ladan zai hau, ya sunkuya, ya duba inda bakin inuwa ya sauka. Ga layin azahar, ga layin la'asar, ga awowin da suka wuce tun hudowar rana, ga waɗanda suka rage kafin ta faɗi.

Shekara 500 wannan dutse yana aiki. Shekara 500, masu sauraro! Sai a 1876 wani muwaƙƙit mai suna Ɗanɗawi ya ga kamar ya ɗan goce, ya zo daidaita shi, dutsen ya fashe. Garin neman gira an rasa ido. Amma bawan Allah bai bar wurin haka ba, ya zauna ya sassaƙa wani irinsa sak ya mayar a gurbin. Gutsattsarin na asali kuwa an ajiye su a gidan tarihi na Dimashƙu.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. Ibnus Shaɗir bai tsaya ga inuwa ba. Masana falaki sun fi shekara 1,000 suna bin lissafin Baɗlimus na Iskandariyya. A wancan lissafin, wata yana matsowa kusa da duniya ƙwarai a wasu kwanaki, har ya kamata a gan shi ya kusa ninka girmansa. Wa ya taɓa ganin haka? Babu. Ibnus Shaɗir ya yarda da abin da idonsa ya gani, ya ajiye maganar babban malami, ya sake wa wata sabon lissafi a littafinsa Nihayatus Su'ul.

A 1957 wani mai bincike, Victor Roberts, ya wallafa abin da ya girgiza masana tarihi: lissafin wata na wannan ma'aikacin masallaci daidai yake da na Kofanikas na ƙasar Folan, wanda littafinsa ya fito a 1543. Shi ma Kofanikas ma'aikacin babban coci ne a garin Frombork. Har yau ana muhawara kan yadda aka yi lissafin biyu suka zo ɗaya. Amma a faɗi gaskiya: Ibnus Shaɗir ya bar duniya a tsakiya, Kofanikas ne ya mayar da rana wurin. Kowa a ba shi haƙƙinsa.

A masallacin nan dai akwai abokin aikinsa, Shamsuddin Halili, wanda ya zauna ya lissafa alƙibla ta wurare 2,880, da alƙalami da tawada.

Ku ma kuna iya gwadawa a tsakar gida. Ranar 27 ko 28 ga Mayu, wajen ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba. Haka ma 15 ko 16 ga Yuli, wajen 10:27. Kafa sanda a miƙe. Ka tsaya a ƙarshen inuwarta ka fuskanci sandar, alƙibla kake kallo. Mutanen Gana ku rage awa ɗaya.

Ba na cewa komai lafiya lau ne. Duk shekara muna ganin ja-in-ja kan ganin wata da lissafi, kuma malaman da ma sun yi wannan saɓani. Abin da ke damuna shi ne, yau jadawalin salla na manne a bangon masallatanmu, yana cikin wayoyinmu, amma da wuya ka sami wanda zai ce maka ga yadda aka fitar da shi. Ina roƙon kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su zaɓi yara masu kan lissafi, a koya musu falaki tare da fiƙihu.

Lokaci ya ƙure mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu waiwayi Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi ɗan Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741. A huta lafiya.