Ƙadangaren Anoli: Bishiya Ɗaya, Kowa Da Mazauninsa

Duk wanda ya taɓa zama a gindin katanga da hantsi ya san kiski, da jan kansa, da yadda yake gyaɗa kai kamar mai amsa gaisuwa. To, a can ƙetaren teku, a dazuzzukan nahiyar Amurka da tsibiran Karibiyan, akwai wani ƙadangare da ake kira anoli, wanda irinsa ya haura 400. Babu shi a Afirka, amma zamansa abin a tsaya a duba ne.

Yawancinsu ƙanana ne, ba su wuce tsawon tafin hannu ba. Tafin ƙafarsu yana da ɗamko irin na tsaka, har sukan hau ganye mai santsi ba su zame ba. Wasunsu kuma sukan sāke launi daga kore zuwa ruwan ƙasa, ko da yake ba dangin hawainiya ba ne na kusa. Namijin yana da wata fata a ƙarƙashin maƙogwaro wadda yake buɗewa kamar mafici, ja ko rawaya ko fara. Da ita yake kiran mace, da ita kuma yake gaya wa wani namijin cewa nan wurin da mai shi. Abincinsu ƙwari da gizo-gizo. Da dare sukan kwana a can ƙarshen siririn reshe, don in maciji ya biyo, motsin reshen ya tashe su.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne yadda iri daban-daban suke zaune a bishiya guda ba tare da sun cinye juna ba. A 1972 wani shaihun malami na Jami'ar Harvard, Ernest Williams, ya bayyana sirrin, watau sun raba bishiyar ne kamar yadda ake raba rumfuna a kasuwa. An kasa su gida 6. Akwai ƙato mai zama can ƙololuwa, wanda a Kyuba yakan kai inci 18. Akwai mai zama tsakanin kututture da rassan sama, akwai wanda ba ya barin kututture. Na gindin bishiya dogayen ƙafafu gare shi, don ya diro ƙasa ya cafke ƙwaro. Na ƙananan rassa gajerun ƙafafu gare shi, yana tafiya sannu kamar hawainiya. Na shida kuwa siriri ne mai dogon bindi, a ciyawa yake.

Daɗin daɗawa, ana samun wannan rabo a manyan tsibirai huɗu: Kyuba, Hisfaniyola, Fota Riko da Jamaika, ko da yake biyun ƙarshe ba su cika shidan ba. A 1998 Jonathan Losos da abokan aikinsa suka nuna cewa na ƙananan rassan Kyuba da na Jamaika, duk da kamar da suka yi, ba su ne dangin juna na kusa ba. Mazauni ne ya sa suka yi kama.

An kuma ga haka da ido. Wani anoli mai ruwan ƙasa ɗan asalin Kyuba ya shiga Jihar Fulorida ta Amurka, ya tarar da kore wanda shi ne ɗan gida. A wasu ƙananan tsibiran jihar, koren ya bar masa gindin bishiya ya ƙara hawa sama. Cikin shekara 15 kacal, tafin ƙafar jikokinsa ya ƙara faɗi, kamar yadda aka bayyana a 2014. Haka nan bayan guguwar Irma da Maria ta 2017, aka auna anolin tsibiran Turks da Caicos, aka tarar waɗanda suka tsira sun fi faɗin tafin ƙafa, watau masu ƙarfin riƙo.

Amma fa duk wannan dabara a kan bishiya ta dogara. Anolin ƙololuwa ba ya iya zaman ciyawa, na ƙananan rassa ba ya iya gudu a fili. A Haiti, wadda ke yammacin Hisfaniyola, binciken 2018 ya nuna dajin asali da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba, saboda sara don gawayi da noma. Wani ƙaton anoli na tsibirin Kulebra, kusa da Fota Riko, rabon da masana su kama shi tun 1932.

Ƙadangaren da ya jure guguwa, ya kuma san yadda zai zauna da baƙo, gatari ne kaɗai bai sami maganinsa ba. Ran da aka kā da babbar bishiya a irin waɗannan dazuzzuka, unguwa guda ce aka tasa.