Sabo turken wawa: yadda abin da koci ya sani yake zama idonsa

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar kallon ƙwallo a Dan Isa ko Birnin Ƙonni ya san yadda gardama take tashi bayan wasa. Wannan ya ce koci ya yi daidai, wancan ya ce ai bai iya aiki ba, alhali wasa ɗaya suka kalla a talabijin ɗaya. Mu a ganinmu, dalilin wannan saɓani shi ne kowa yana kallo ne da abin da ya riga ya sani. Shi ma kocin da ke tsaye bakin fili haka yake. Ilimin da ya tara shi ne idonsa, yana nuna masa abin da ɗan kallo ba ya gani, amma wani lokaci yakan rufe masa abin da ke gabansa ƙuru-ƙuru.

Ranar da aka yi rawa a banza

Babu misalin da ya fi kusa da mu kamar abin da ya faru ranar 8 ga watan Oktoba na shekarar 2011, a zagayen ƙarshe na neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012. Rukunin ya ƙunshi Nijar da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Mena, a ƙarƙashin Harouna Doula, ta cinye duka wasanninta uku na gida a filin Seyni Kountché da ke Yamai: ta doke Masar da ci 1 da nema, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. A waje kuwa ba ta samu ko maki ɗaya ba.

A wannan rana Mena tana Alƙahira, inda Masar ta lallasa ta da ci 3 da nema. A daidai lokacin, Afirka ta Kudu tana karawa da Saliyo a garin Nelspruit, babu wanda ya zura ƙwallo. Da labarin Alƙahira ya iso wurin kocin Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, sai ya yi lissafi irin wanda ya saba da shi. Idan aka tashi canjaras, ƙasashe uku za su kasance da maki tara-tara, kuma ƙasarsa ce ke da rarar ƙwallaye mafi yawa, domin ta ci 4 an ci ta 2, ita kuwa Nijar ta ci 6 an ci ta 8. Saboda haka ya ja ƴan wasansa baya, ya bar ɗan gaba a benci ya shigo da ɗan tsakiya. Aka tashi babu ci, ƴan wasa suka zagaya fili suna rawa, ƴan kallo suna busa ƙaho.

Ashe dokar da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta shimfiɗa wa gasar ba haka take ba. Idan maki ya zo daidai, abin da ake fara dubawa shi ne sakamakon wasannin da ƙasashen suka yi tsakaninsu. A wannan lissafi Nijar tana da maki 6, Afirka ta Kudu da Saliyo 5-5. Ta haka Mena ta samu gurbi a gasar karo na farko a tarihinta, kuma CAF ta zaɓi Doula gwarzon koci na shekarar 2011. Hukumar ƙwallon Afirka ta Kudu ta ɗaukaka ƙara, daga baya ta janye.

Kada mai karatu ya ɗauka Mosimane bai san aikinsa ba. Shi ne ya ci kofin zakarun Afirka da ƙungiyar Mamelodi Sundowns a 2016, ya sake ci sau biyu da Al Ahly ta Masar a 2020 da 2021. Abin da ya kayar da shi a Nelspruit sani ne da ya zauna masa a kai. A gasar cikin gida da ya taso a cikinta, haka ma a gasar cin kofin duniya da ƙasarsa ta karɓi baƙunci a 2010, rarar ƙwallaye ake fara dubawa. Abin ya zama masa jiki har bai ga dalilin buɗe littafin doka ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa, to ashe mai wayo ma yakan ɗauru a wannan turke.

Abin da masana suka gano

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan al'amari ta hanyar wasan ces, irin darar Turawa. A 1973 wasu Amurkawa biyu, William Chase da Herbert Simon, sun riƙa nuna wa mutane allon wasan na daƙiƙa biyar, sannan su ce a maido da ƴaƴan yadda suke. Idan jerin na wasan gaske ne, gwani yakan tuna da yawa fiye da ɗan koyo nesa ba kusa ba. Idan kuwa watsa ƴaƴan aka yi barkatai, sai fifikon gwanin ya kusa ɓacewa. Ke nan ba ƙarfin ido ya fi shi ba, sanin tsarin wasa ne yake sa ya gani.

A 2008 kuma Merim Bilalić da abokan aikinsa suka duba ɗaya gefen. Sun ba ƙwararrun ƴan wasa matsalar da ke da mafita biyu, ɗaya sananniya mai tsawo, ɗaya gajeriya wadda ba a saba da ita ba. Da zarar sun hango sananniyar, na'urar da ke bin motsin ido ta nuna cewa idanunsu suna ta komawa wurinta, duk da suna cewa neman wata hanya suke yi.

Da tsohuwar zuma

Haka abin yake wajen auna ɗan wasa. Kowane koci ya san cewa ɗan gaba mai shekara 38 ƙafarsa ta yi nauyi, kuma galibi gaskiya ne. Da wannan ma'auni mutane da yawa suka ɗauka Roger Milla na Kamaru ya gama yayi, lokacin yana buga wasa a tsibirin Réunion. Sai da shugaban ƙasa Paul Biya ya sa baki kafin ya shiga tawagar gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya. Kocin ya riƙa ajiye shi a benci yana shigo da shi bayan abokan hamayya sun fara gajiya. Milla ya ci ƙwallo 4, biyu a ragar Romaniya biyu a ragar Kolambiya, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. A nan an yi amfani da tsohon sani, amma an gwada shi da abin da ido yake gani a fili.

Mu ƴan kasuwa

Wannan darasi bai tsaya a filin ƙwallo ba, domin duk maigidan da ke da yaran shago shi ma koci ne. Dillalin shanu a Maigatari yana duban sa sau ɗaya ya faɗi kimarsa, mai canji yana taɓa takardar kuɗi ya gane ta jabu. Wannan ilimi ne da ba a saye a kasuwa. Amma duk mun ga yadda rufe iyakar Nijeriya daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da sauya takardun naira a ƙarshen 2022, suka rikita lissafin waɗanda suka ce ai mun san hanya. Haka kuma maigida kan yanke wa sabon yaro hukunci tun ranar farko, saboda garinsu ko saboda ya yi kama da wani da ya taɓa cinye masa jari, daga nan ko yaron ya yi abin kirki ba zai gani ba.

Shawararmu ga mai horarwa, a fili ne ko a shago, ita ce ya riƙe abin da ya sani da kyau, amma kafin babban hukunci ya sake duba doka ko farashin ranar, ya kuma ba na ƙasa da shi damar faɗin abin da ya hango. Da mutum ɗaya a bencin Afirka ta Kudu ya buɗe takardar CAF a wannan yammaci, da kocin ya san cewa ƙwallo ɗaya yake buƙata. Matambayi dai ba ya ɓata.