Ko Kun Sani? Jinin Mai Juna Biyu Na Nuna Namiji Ko Mace

Tun ciki na da mako 10, ɗan jinin da aka ɗiba a hannun uwa na iya nuna abin da take ɗauke da shi. A 1997 Dennis Lo, likita ɗan Hong Kong, ya gano cewa ɓurɓushin ƙwayoyin halittar ɗan tayi na shiga jinin uwa ta mabiyiya. In aka ga ƙwayar halittar da ake kira Y a jinin, namiji ne. Ita kuwa Y daga uba kaɗai take fitowa, da ikon Allah. Saboda haka matar da ake yi wa gorin haihuwar 'ya'ya mata, a Jangeru ko Shinkafi, zaluntarta ake yi. Magidanta, a daina gorin, a kai ta awo.